Daga Ramin Kuza Zuwa Takardar Indijin: Abin da Abatuwan Jos Ta Gani

A watan Yulin 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye ƙudurin da ya gabatar na gyaran tsarin mulki kan batun ɗan asali. Abin da ƙudurin ya nema shi ne wanda aka haifa a wata jiha, ko ya shekara goma yana zaune cikinta, a ɗauke shi ɗan jihar. Tun ba a gama karanta shi ba aka yi masa ca. A Legas wasu suka ce dabarar Ibo ce ta mallake birnin, a tsakiyar ƙasa wasu suka ce hanya ce ta halatta wa makiyaya filayen da ba nasu ba. Kowa ya hango maƙwabcin da yake tsoro a cikin takardar, aka rufe zancen. Abin da ya fi damuna shi ne masu suka da masu goyon baya duk suna magana kamar takardar indijin gadon kaka da kakanni ce, alhali ba ta kai wasu dattawan da ke zaune a unguwar Gangare ta Jos shekaru ba.

Aikinta dai sananne ne. Ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma da ita ake neman gurbin karatu, tallafin makaranta, aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda. Tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci a sashe na 42, sannan a sashe na 147 ya ce kowace jiha a ba ta minista ɗan asalinta, a sashe na 318 kuma ya ɗaura zama ɗan jiha a kan ƙabilar iyaye ko kakanni. Kundi ɗaya, baki biyu.

Wanda ke son ganin abin da wannan ya haifar, ya je Abatuwa, mayankar Jos, da sassafe, lokacin da sanyin Filato ke shiga har ƙashi. Mahauta sun naɗe ƙafar wando, ana feɗe shanu ana rataye cinyoyi, hayaƙin babbakar ganda ya turnuƙe gefe guda. Mata masu gidajen abinci na tsaye da robobi suna jiran kayan ciki, wata Birom, wata Ibo, wata Angas, wata Bayarabiya, kuma da Hausa ake cinikin duka. “Mama, ƙara ɗari biyar ki ɗauka.” “Haba ɗana, jiya ba haka ka sayar mini ba.” Ba mai tambayar wani takarda kafin a yanka masa tsoka. To a bakin wannan mayanka ne, ranar 11 ga Afrilun 1994, mahauta suka fito da dabbobi kan titi suka yanka don nuna fushinsu. Gwamnan soja na lokacin, Laftanar Kanar Mohammed Mana, ya naɗa Alhaji Aminu Mato kantoman Jos ta Arewa, Birom da Anaguta da Afizere suka ce ba su yarda baƙo ya mulke su ba, gwamnati ta dakatar da naɗin. Washegarin yankan dabbobin gari ya kama da wuta, aka rasa rayuka, aka ƙona kasuwa. Kwamitin Mai Shari'a Fiberesima da ya binciki lamarin ya ce ƙabilun nan uku su ne 'yan asalin Jos. Daga ranar ba a sake zaman Jos irin na da ba.

Amma fara labarin daga 1994 zalunci ne ga ɓangarorin biyu, domin ba su suka shata layin ba. Kuza ce ta kafa birnin Jos. A farkon ƙarni na ashirin Kamfanin Neja ya turo mutanensa su nemo inda kuzar da ake gani a kasuwannin arewa take fitowa, suka ya da zango a wajen Naraguta. Mutanen tsaunuka ba su yi maraba da su ba, sai da aka sa bindiga. Da haƙa ta kankama, kamfanoni suka buƙaci dubban hannaye, mazauna wurin kuwa manoma ne da ba su ga dalilin barin gonar acca su shiga rami ba. Sai aka buɗe ƙofa ga leburori daga Kano, Zariya, Bauci da Barno. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, layin gabas ya biyo baya a 1927 ɗauke da akawuna da makanikai daga kudu. Tare da leburori mahauta suka zo, da maɗinka, da masu tuwo-tuwo, da malaman allo. Kakannin mahautan Abatuwa ba hawan ƙawara suka yi wa garin ba, cikin masu gina shi suke.

Wasu ma ba da son ransu suka zo ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta kafa aikin tilas da talakawa suka sa wa suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubun dubatar mutane daga lardunan arewa, ta hannun hakimai da dagatai, aka zuba su cikin ramuka da ruwan sanyi ba wadataccen abinci ba bargo. Da yawa sun mutu. Masanin tarihi Bill Freund ya rubuta littafi guda kan ma'aikatan kuzar nan a 1981, amma ban taɓa jin ɗan siyasar Jos ko ɗaya, na kowane ɓangare, ya ambaci waɗannan bayin Allah a kan dandamali ba.

Su kuwa Turawan sun tsara garin ne hawa-hawa bisa launin fata. Su suna can sama a unguwanninsu masu furanni da kulob. Ƙarƙashinsu Kwarori da akawunan kudu a ɓangaren da jami'in Bature ke mulka kai tsaye. Sai garin 'yan ƙasa, inda aka tara Hausawa da sauran talakawa ƙarƙashin sarakunan Hausawa da aka riƙa kira Sarkin Jos. Can ƙasa kuma, a idon Bature, masu ƙasar ne, waɗanda takardun gwamnati suka yi wa kuɗin goro da sunan arna, aka ce ba su kai su mulki kansu ba, aka jingina su da Bauci har zuwa kafa Lardin Filato a 1926. Dokar ma'adinai ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin Ingila. Manomin Birom yana kallo aka tone gonarsa aka ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, kamfanoni irin su ATMN suka kwashe arzikin, suka bar masa kududdufan da har yau suke cin yara da dabbobi tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Sai a 1947, da lissafin Bature ya canza, aka ɗaga Rwang Pam ya zama sarkin Birom, daga bisani sarautar Jos ta koma hannunsa. Hannun da ya ɗora Bahaushe shi ya sauke shi, kuma a duka biyun ba a shawarci talaka ba.

Saboda haka idan ɗan Birom ya ce yana tsoron a mamaye shi, ba mafarki yake ba, ya taɓa gani. Idan Bajashe, wato Bahaushen Jos, ya ce kakansa a nan aka binne shi kuma ba shi da wani gari, shi ma gaskiya ya faɗa. Mahmood Mamdani na Uganda ya daɗe yana nuna cewa raba mutanen mulkin mallaka gida biyu, ɗan ƙasa da baƙo, shi ne ginshiƙin mulkin Turawa a Afirka, kuma gwamnatocinmu sun kori wariyar launin fata suka riƙe ta ƙabila. Mu a nan har tsarin mulki muka shigar da ita a 1979 da sunan raba daidai.

'Yan siyasa kuwa sun samu saniyar tatsa. Babangida ya raba Jos biyu a 1991, Samaila Mohammed ya ci zaɓen Jos ta Arewa, ɓangare ɗaya ya ɗauka an ba shi gida, ɗayan ya ɗauka an yanke masa nasa. A Satumban 2001 naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci ne ya hura wutar da ta ci mutum kusan 1,000 a ƙididdigar Human Rights Watch. A Nuwamban 2008, zamanin Gwamna Jonah Jang, zaɓen shugaban ƙaramar hukuma tsakanin PDP da ANPP ya ci ɗaruruwa. A duba da kyau: kantoma, jami'in rabon tallafi, ciyaman. Kujeru ne da ke riƙe da hatimin takardar indijin ko buhun rabo. Kwamitin Niki Tobi ya zauna, na Bola Ajibola ya zauna, na Solomon Lar ya zauna, rahotanni suka yi ta shan ƙura, babu wani babba da ya kwana gidan yari. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 ta fi shekara ashirin tana jiran a tashe ta, ko batun sake gina ta da aka taso da shi zamanin Simon Lalong sai da ya koma gardamar su wa za su samu shaguna. Jam'iyyun ba su da wata aƙida kan batun. Kowacce ta san akwatunan Unguwar Rogo da na Tudun Wada, ta san abin da za ta raɗa wa kowanne ana gobe zaɓe. A shekarun 1950 aƙalla NEPU da UMBC sun iya kallon sama su ga mai danne su. Yau kowa gefe yake kallo.

Abin takaicin, al'adar garin ta riga siyasarsa nisa. Coci-coci na wa'azi da Hausa, da Littafi Mai Tsarkin da aka fassara tun 1932. A garin aka kafa Izala a 1978, a garin Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take. Mikel Obi da Ahmed Musa duk haifaffun Jos ne, duk sun ɗaura ƙyallen kyaftin na Najeriya, Filato ta yi alfahari da su. Amma da Mikel bai iya ƙwallo ba ya je neman aikin gwamnati, Anambra za a ce ya nufa.

Yanzu bari in juyo gida, don a nan ne ba ma son a taɓa. Mu Hausawa mun iya kukan abin da ake yi wa 'yan'uwanmu a Jos, kuma kukan yana kan hanya. To Sabon Garin Kano fa? Tun wajen 1913 aka kafa shi. Akwai Ibo da Yarabawa da aka haifi kakanninsu a can, suna biyan haraji, Hausarsu ta fi ta wasunmu daɗi, amma mutum nawa cikinmu zai yarda ɗansu ya samu tallafin karatu na jiha, balle ya tsaya takarar ciyaman a Fagge? Har yanzu a zaurukanmu ana cewa arne, ana cewa ƙabila, kamar mu ba ƙabila ba ne, sannan mu ji zafi idan an kira mu baƙi. Maguzawa da Hausawa Kiristoci na Kano da Katsina, waɗanda ba wanda ya riga su zama a ƙasar, su ma suna kokawa kan wahalar da suke sha wajen samun takardar nan. Ba sai an jira Abuja ba. Hatimin yana hannun shugabannin ƙananan hukumomi, gwamnoni kuma su ke juya su. Gwamnan Kano zai iya kiran ciyaman na Fagge gobe da safe ya umarce shi ya fara ba duk yaron da aka haifa a Sabon Gari takarda, kuma 'yan majalisar jihar su mayar da hakan doka kafin zaɓe mai zuwa.