Gas ɗin esin mota: ka ɗura da kanka ko ka kai wa mai gyara?

A watan Maris da ya wuce, wani magidanci daga Kuru ya shigo kantin maganinmu a Bukuru da hantsi, ya naɗe hannun dama da hankici. "Likita, a ba ni man ƙuna," in ji shi. Da ya kwance, sai na ga yatsu biyu sun yi fari fat, fatar ta yi tauri kamar kyandir. Na ce, "Alhaji, wace irin wuta ce wannan?" Ya ce ba wuta ba ce, sanyi ne. Zai kai iyalinsa biki Kano, esin motarsa ta daina sanyi, sai ya sayo gwangwanin gas da tiyonsa don ya ɗura da kansa. Bakin tiyon bai zauna daidai ba, gas ya feso masa. Ɗansa mai shekara tara yana gefe yana leƙe. Da a ido ya sami yaron, da yanzu wani zancen ake yi.

Mu mutanen Filato ba mu cika damuwa da esi ba. Jos da Kuru suna kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, don haka sai a yi watanni ba a kunna ta ba. Ba a tunawa da ita sai zafin Maris da Afrilu ya shigo, ko kuma an gangara Hawan Kibo an doshi Akwanga, yara sun fara kuka a baya. Wannan zaman da take yi shi ne yake cutar da ita. Gas ɗin yana zagayawa ne tare da wani mai da ke jiƙa robobin da suka toshe mahaɗar bututu. Idan an daɗe ba a kunna ba, robobin su bushe, gas ya riƙa sulalewa.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Gas ɗin esi ba fetur ba ne da mota ke sha ya ƙare. A rufe yake, yana zagaye wuri ɗaya. In ya ragu sosai, to akwai inda yake yoyo. Wanda ya ƙara gas bai toshe yoyon ba, kamar mai shan farasitamol ne kullum saboda zazzaɓi bai je an gwada jininsa ba: sauƙin na ɗan lokaci ne, cutar tana nan.

Yawancin motocin da ke kan titunanmu suna amfani da gas mai suna R134a, wanda ya maye gurbin R12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda tsohon yana lalata rufin sararin sama da ke kare mu daga zafin rana mai cutarwa. Wannan R134a ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu masu harhaɗa magunguna, domin shi ne ke tura maganin a cikin inhelar Ventolin ta masu asma. Amma na inhela tatacce ne, kuma ɗan mitsitsi ake shaƙa. Na gwangwani kuwa a matse yake, ruwa-ruwa, yana fitowa da sanyin da ya kai digiri 26 ƙasa da sifili. Yana daskarar da fata nan take, yana iya lalata ido. Ya fi iska nauyi, don haka a rufaffen gareji yana taruwa ya kore iskar numfashi, mutum ya ji jiri, bugun zuciya ya rikice. In ya haɗu da harshen wuta ko garwashin sigari, sai ya rikiɗe ya zama hayaƙi mai guba ga huhu.

Ga kuma matsalar jabu. A 2011, kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka rasu, kuma aka gano an gauraya gas ɗin da wani sinadari mai suna R40. Mai saye a kasuwa ba shi da hanyar gane abin da ke cikin gwangwani. Akwai kuma masu ɗura gas ɗin firji ko na girki don araha, alhali waɗannan suna kama wuta. Araha ba ta ado, balle a motar da ake ɗaukar yara. Sababbin motoci ma wani gas ɗin daban suke sha, R1234yf, kuma ba a gauraya shi da R134a.

To me gwani yake yi wanda gwangwani ba ya yi? Da farko yana neman yoyon ya gyara. Sannan ya zuƙe iska da danshin da suka shiga bututu da injinsa. Daga nan ya auna gas a sikeli, daidai da nauyin da kamfani ya rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Kamar magani ne, yana da ƙa'ida: in ya yi yawa, sanyin ya ragu, kwamfuresa ta wahala har ta mutu, kuma kuɗinta ya ninka na aikin gwani sau da yawa. Ba kowane mai allo a bakin titi ne gwani ba. Ka tambaye shi wane gas zai sa, ka ga tukunyar da idonka. In ya kama ɗurawa bai nemi yoyo ba, ɗauke motarka.

Abin da maigida zai iya yi da kansa yana da yawa. A kunna esi minti goma kowane mako, ko da sanyi ake yi. Da damina ma ita ce ke share hazon da ke rufe gilashin gaba. A canza matatar iskar cikin mota bayan hunturu, domin ƙura da fumfunar da ke taruwa a cikinta suna tayar wa yara asma da atishawa. A wanke ragar gaban mota da ruwa a hankali.

In tsautsayi ya faɗa, a tsoma wurin a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Kada a murza, kada a gasa a wuta, kada a shafa man goge baki ko manja. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15, a wuce asibiti. Wanda ya shaƙa a fitar da shi sarari.

Alhajin nan ban sayar masa da man ƙuna ba, asibiti na tura shi. Bayan mako biyu ya dawo sayen bandeji, ya ce mai gyara ya gano yoyon a wata 'yar roba da ba ta kai zoben yatsa ba. Bikin kuwa, ƙaninsa ne ya tuƙa su.