Yadda Tsohuwar Kwamfuta Ta Zama Rediyon Hajiya A Aziziyya

 

Dalilin wannan rubutu shi ne mahaifiyata. Tun da muka ɗauko ta daga Kano ta dawo wurinmu a unguwar Aziziyya a nan Jidda, idonta ya yi rauni, ba ta iya ganin rubutun waya. Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne rediyo da saƙonnin murya na jikokinta, ni kuma kullum ina wurin aiki. Wata rana ta ce mini, "Kai, wannan gida shiru kamar ba mutane." Maganar ta tsaya mini a rai. Sai na ɗauko wata tsohuwar kwamfuta, na sa mata Linux, na jona ta da lasifika biyu na hannu da na samo a Harajin Sawarikh, na ajiye ta a ɗakinta ba allo ba linzami. Da rubutaccen umarni kawai nake sarrafa ta.

Mene ne layin umarni?

Shi ne baƙin allon nan da mutum ke rubuta wa kwamfuta abin da yake so, ya danna Enter, ta aikata. Amfaninsa biyu ne: ba ya cin ƙarfin na'ura, kuma ana iya aika umarnin daga wata kwamfutar.

Sauti a Linux hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, shi ke magana da katin sauti kai tsaye. A samansa akwai uwar garken sauti, wato manhajar da ke karɓar sauti daga wurare da yawa ta haɗa ta miƙa wa lasifika. A da an yi NAS da ESD. Daga baya Lennart Poettering ya fito da Polypaudio a 2004, aka sauya masa suna zuwa PulseAudio a 2006. Sannan PipeWire na Wim Taymans ya zo: Fedora ta koma kansa a 2021, Ubuntu a 2022. Amma umarnin paplay da pactl na PulseAudio suna aiki a kan PipeWire ma, don haka wanda ya koye su bai yi asara ba.

Mataki na ɗaya: gwada lasifika

aplay -l

Wannan zai jero katunan sautin da na'urar ta gani. Sai a gwada:

paplay gaisuwa.wav

In ba a ji komai ba, a buɗe alsamixer. Duk inda aka ga MM a ƙarƙashin sanda, an kulle bakin wannan layi ne, a danna harafin M ya buɗe. Ni kaina na yi awa biyu ina zargin lasifika, ashe nan matsalar take.

Don saita ƙara:

pactl set-sink-volume @DEFAULT_SINK@ 60%

Mataki na biyu: tura sauti daga wata na'ura

A kwamfutar ɗakin Hajiya, mai PulseAudio, na rubuta:

pactl load-module module-native-protocol-tcp auth-ip-acl=192.168.1.0/24

Ma'anarsa ta buɗe ƙofa mai lamba 4713, amma ga na'urorin cikin gida kaɗai. Daga kwamfutata kuma:

paplay -s 192.168.1.20 gaisuwa.wav

Sautin sai ya fita a ɗakinta. Kowa ya duba lambobin gidansa, don ba lallai su yi daidai da nawa ba.

Sai dai wannan hanya tana da nauyi. Sautin yana tafiya ne ɗanye, ba a matse shi ba. Sauti mai ingancin faifan CD yana da samfuri 44,100 a daƙiƙa, kowanne bit 16, lasifika biyu, jimilla bit 1,411,200 a kowace daƙiƙa, ba tsayawa. Da zarar Wi-Fi ya ɗan yi rauni sai murya ta riƙa yankewa. A gidanmu, da bango biyu a tsakani, haka ta faru.

Mataki na uku: MPD, wanda na fi so

MPD manhaja ce da ta fito a 2003. Ita fayilolin suna zaune ne a cikin kwamfutar da ke da lasifika, umarni kaɗai ke ratsa waya ta ƙofa 6600. Tun da 'yan kalmomi ne ke tafiya, babu yankewa. Abin sarrafa ta shi ne mpc:

mpc -h 192.168.1.20 update
mpc -h 192.168.1.20 add jikoki
mpc -h 192.168.1.20 play

Na farko yana sa ta duba sababbin fayiloli. Na biyu yana jera duk abin da ke cikin jakar da na sa wa suna jikoki, inda nake zuba saƙonnin murya na WhatsApp. Na uku yana kunnawa. Akwai kuma next, stop, clear, da volume 50. In aka ba add adireshin tashar rediyo ta intanet maimakon jaka, rediyon zai kama.

Don ta kunna da kanta, na yi amfani da cron. Na rubuta crontab -e, na sa wannan layi:

0 8 * * * mpc play

A nan a yi hattara da agogo. Saudiyya ta riga Najeriya da Nijar da awa biyu, don haka shirin ƙarfe 6 na safe a Kano ko Maraɗi, ƙarfe 8 ne a Jidda.

Gargaɗi

Kada a buɗe ƙofa 4713 ko 6600 ga intanet gaba ɗaya. Wanda ya samu shiga PulseAudio yana iya ɗaukar abin da makirfo ke ji, wato ya saurari cikin gidanka. A sa wa MPD kalmar sirri a cikin fayil ɗin mpd.conf. In daga wurin aiki za a shiga, a bi ta ssh, a rubuta umarnin a ciki. Haka nake yi.

Yanzu duk safiya muryoyin gida ke gaishe da Hajiya. Jiya da na dawo ta ce, "Akwatin nan naka ya fi ka zama da ni." Muka yi dariya, amma na gane saƙon, na ja kujera na zauna.

Duk wanda ya gwada ya samu cikas, ya tuntuɓe mu ta ƙungiya, a shirye nake in taimaka. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya bar zumunci.

Wassalam.