Daga Singafo zuwa New York: awa 18 a sama ba sauka

Yau zancen doguwar tafiya za mu yi, daga Singafo a nahiyar Asiya zuwa New York a Amurka, a jirgin fasinja ɗaya, ba tare da an yada zango ko'ina ba.

Nisan ya kai kilomita 15,300 da 'yan kai. Don ku gane, Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne. Ko an ninka shi sau huɗu, da sauran tafiya. Kamfanin Singapore Airlines ke wannan jigila, kuma jirgin kan shafe awa 18 zuwa 19 a sama.

To ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku. In ka shimfiɗa taswirar duniya ka ja layi miƙaƙƙe tsakanin biranen nan biyu, za ka ga ya ratsa Bahar Maliya da hamadar Sahara. Taswirar ce ta ruɗe ka, domin duniya a mulmule take. Ɗauki lemo, ka yi ɗigo biyu, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, ka ja zare tsakaninsu ya ɗame. Haka ake auna nisan jirgi. In aka yi wa Singafo da New York wannan awon, zaren ta can ƙuryar arewacin duniya yake bi, inda ƙanƙara ta rufe teku.

Amma fa matuƙa ba lallai su bi gajeriyar hanyar ba, kuma ni wannan ne ya fi burge ni. A can sama, wajen kilomita 10 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wani lokaci gudunta ya wuce kilomita 200 a awa. Wa zai so ya yi karo da ita? Shi ya sa daga Singafo jirgin kan nufi gabas ta tekun Fasifik, iskar na tura shi. A dawowa ma sau da yawa gabas ɗin yake sake yi, ta tekun Atlantika da Turai. Kilomita sun ƙaru, amma lokaci da mai sun ragu. Ka ga fasinjan da ya je ya dawo a haka, ya kewaye duniya ke nan.

Jirgin kuwa Airbus A350-900ULR ne, tankinsa na cin lita 165,000. Kujeru 161 kacal aka sa masa don a rage nauyi, babu ma ɓangaren masu ƙaramin tikiti, sai mai kumbar susa. Matuƙa huɗu ne, suna karɓa-karɓa, wasu na barci wasu na tuƙi.

Sai kuma agogo. Singafo na gaban New York da awa 12, in hunturu ya shigo Amurka ta koma 13. Saboda haka wanda ya tashi da tsakar ranar Litinin, bayan duk wannan zaman, da yammacin Litinin ɗin zai sauka.