Jan Ƙarfen da Ke Ɗaure Fata

Majemi ya san abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba: fata saƙa ce. In ya tsoma fatar akuya a ruwan bagaruwa, zaruruwan cikinta ne ke kama juna har ta iya jure basillar baduku. Fatar mai rai ma sai da ɗauri, amma ita ba bagaruwa ke yi mata ba.

Zare iri biyu ne a ciki: kolajin mai ba da ƙarfi, da ilastin mai sa fata ta tale ta koma. Mai ƙulla su wani sinadari ne da jiki ke yi, lisil oksidas, wanda Pinnell da Martin suka gano a Amurka a 1968. Shi kuwa ba ya aiki sai da jan ƙarfe, kamar masaƙi da ƙoshiya. In jan ƙarfen ya yi ƙaranci, fata ta saki, jijiyoyin jini su yi rauni, ƙashi ya rage ƙwari. Gashi ma yakan koɗe, domin sinadarin da ke ba shi baƙi da jan ƙarfe yake aiki.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: babban mutum miligiram 0.9 a rana ya ishe shi. A kasuwar Gure, cikin jihar Damagaram, ba sai an wahala ba wajen samun abincin da ke ɗauke da shi: hanta ce kan gaba, sai riɗi, gyaɗa, wake da gero. Sai dai surfe mai yawa yana tafiya da wani kaso cikin dusa, dabbobi su ci rabonmu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen yara. Nonon shanu da na awaki, duk da albarkarsu, jan ƙarfensu kaɗan ne. Yaron da aka yaye kan nono da kunu tsura, ga zawo ya ƙi tsayawa, shi ne abin ji, musamman a gidajen makiyaya lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa. Shi ya sa madarar F-75 da F-100 da ake ba masu tamowa a asibiti, da tunkuzar Plumpy'Nut da ta bazu a Nijar tun yunwar 2005, duk an sa musu jan ƙarfe a kan awo.

Awon kuwa wajibi ne. Jan ƙarfe in ya yi yawa hanta yake ɓatawa, shan ƙwayar zink na dogon lokaci kuma yana hana hanji tsotsarsa. Munduwar jan ƙarfe a hannu ado ce, ba magani ba. Uwar da ta dama kunu ta zuba garin gyaɗa ko na wake, ta ba masaƙin da ke jikin ɗanta ƙoshiyarsa.