FASHIN BAƘI: Shin za a iya neman beli tun kafin kamu a rikicin cinikin fili?

A garuruwa irin su Balan ta Ƙaramar Hukumar Gaya da maƙwabtanta na Ajingi, akasarin cinikin gona da fili a gaban mai unguwa ko dagaci ake ƙulla shi, da shaidu da 'yar takardar yarjejeniya. Idan ciniki ya ɓaci, misali wani magaji ya fito ya ce ba a raba gado ba, sau da yawa mai saye ofishin 'yan sanda yake nufa maimakon kotu. To, mai sayarwar da ya ji ƙishin-ƙishin za a kama shi, yana iya neman beli tun kafin a zo?

A ƙasar Indiya ana iya yin haka. Sashe na 438 na dokar shari'ar laifuka ta 1973, wanda sashe na 482 na sabuwar dokar 2023 ya maye gurbinsa, ya bai wa kotu ikon bayar da belin riga-kafi. Nijeriya ba ta da irin wannan tanadi. A dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da takwararta ta Jihar Kano ta 2019, maganar beli ba ta tasowa sai mutum ya shiga hannu.

Ƙofar da ke buɗe

Sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake tauye masa, ko akwai alamar za a tauye masa, yana iya garzayawa Babbar Kotu. Wannan gaɓa ta ƙarshe ce lauyoyi ke kamawa. Sukan shigar da ƙara bisa ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam na 2009, tare da takardar rantsuwa da takardun cinikin, su roƙi kotu ta hana kamu har a saurari ƙarar.

Babbar hujjarsu ita ce sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wanda ya haramta kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. A 2018 ma Kotun Ƙoli ta jaddada cewa EFCC ba hukumar karɓo bashi ba ce.

Inda kariyar ta tsaya

Ba kowane rikicin fili ne na ciniki zalla ba. Wanda ya sayar wa mutum biyu fili ɗaya, ko ya yi amfani da takardun jabu, ya faɗa zargin zamba, kuma binciken zamba aikin 'yan sanda ne. Tun a 2005, a shari'ar Babban Lauyan Anambra da Chris Uba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba daidai ba ne mutum ya fake da kotu don kauce wa bincike. Don haka alƙali kan duba ko akwai alamar yaudara tun farkon cinikin, ko kuwa saɓani ne ya taso daga baya.

Idan an riga an kama mutum

Sashe na 35 ya wajabta gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Yana da 'yancin yin shiru har ya gana da lauya. Belin 'yan sanda kyauta ne, kuma doka ta hana kama mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema.

Riga-kafin da ya fi kowanne shi ne na ranar ciniki. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora wa ƙaramar hukuma bayar da izinin mallakar filin karkara, kuma sai da amincewarta ake sauya hannu. Idan filin na gado ne, a tabbatar an raba, kowane magaji ya sa hannu. In kuwa rikici ya taso duk da haka, kotu ce ke da hurumin faɗin mai fili, ba ofishin 'yan sanda ba.