Wane Irin Allah Ne a Zuciyarka? Darasi Daga Tungar Daji

Wata rana a aji na tambayi yarana na makarantar Ekklesiya, na ce, "In kun rufe ido kuna addu'a, da wa kuke magana?" Suka amsa baki ɗaya, "Da Ubanmu na sama." Amsar tana da kyau, amma haddace ta suka yi. Sai na sāke tambaya, "To, yaya halinsa yake?" Aka yi shiru. Can wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, yana da babban littafi, yana rubuta laifin kowa, yana jira." Wata yarinya kuwa ta ce kakarta ta faɗa mata Allah ne ya ɗauke ƙaninta, saboda haka ba a tambaya.

Na koma gida ina ta juya maganar. Ba a darasina suka koyi wannan ba. A gida suka tsince shi, ran da aka yi rashi, ko ran da ciwo ya shigo da tsakar dare. Ashe akwai abin da muke furtawa ranar Lahadi, akwai kuma abin da yake kwance can ƙasan zuciya game da Allah. Na biyun nan shi yake riƙe da linzami sa'anda wahala ta zo. Bari in ba ku labarin wani abu da ya faru a ƙasarmu, sa'an nan mu auna kanmu da shi.

Abin da ya sami yaran

Tungar Daji ƙauyen manoma ne a ƙaramar hukumar Anka, a yammacin Jihar Zamfara. Ƙasar nan tana da zinariya. Da farashinta ya hau a kasuwannin duniya wajen 2009, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka dukufa ga haƙo duwatsu. Akan kawo su gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ba wanda ya san duwatsun suna cike da dalma. Ƙurarta ba ta da wari, ba a kuwa bambanta ta da ƙurar yau da kullum. Ta sauka a daɓen ɗaki, a kan tabarma, a cikin abinci. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana shanye dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ita kuma ƙwaƙwalwa take nufa.

A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, suka lura yara suna ta mutuwa a waɗannan ƙauyuka. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai ci ba. Da aka gwada jinin yaran sai aka iske dalma ce. Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka sun bi gida gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara wajen 400 suka mutu, dubbai kuma gubar ta shige su.

Akwai maganin da ake ba yaro, wanda yake kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Amma in ya koma gidan da ƙurar take, aikin banza ne. Saboda haka dole aka fara da ƙasa. Aka fitar da aikin dutse daga cikin gari. Mutanen ƙauyukan da kansu, tare da ma'aikatan jiha da gwanaye daga ƙasashen waje, suka ɗauki fartanya da shebur, suka kankare ƙasar gidaje ɗaya ɗaya, suka zuba a buhuna, aka binne a ramuka, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, aka bi da Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza har zuwa 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta. Inda aka yi wannan aiki, mutuwar yaran ta ragu ƙwarai.

Mutanen waɗannan ƙauyuka yawancinsu Musulmi ne, maƙwabtanmu. Ban kawo labarin baƙin cikinsu domin in auna bangaskiyarsu ba. Tamu nake so mu auna. Ya mai karatu, da a gidanka ne yaro ya fara jijjiga, me za ka fara yi? Amsarka tana rataye ga irin Allahn da kake ɗauke da shi a zuciya.

In Allah mai jiran laifi ne kaɗai

Wanda ya gaskata Allah alƙali ne kurum mai riƙe da bulala, tambayarsa ta fari ita ce, "Wa ya yi zunubi?" Sai a soma kallon uwar yaron, ko kishiya, ko tsohuwar da ke maƙwabtaka. Wani kuma ya ɓoye ciwon don kunya, kada 'yan Ekklesiya su ce horo ne. Ana cikin haka yaron yana ci gaba da wasa a ƙasar da ke kashe shi.

Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tunani sa'anda suka ga mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9. Ubangiji bai yarda ya ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba, ya kuwa buɗe masa ido. A Luka sura 13 kuma ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiya ta fāɗa wa a Siluwam, ya nuna ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Allah mai tsarki ne, yana ƙin zunubi, wannan ba shakka. Amma ba mu da izini mu mai da kowane kabari shaidar hukunci.

In ikon Allah yana nufin mu naɗe hannu

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa a 1932, sunan Allah da muke karantawa shi ne yake a bakin kowane Bahaushe. Haka nan "ikon Allah ne" da "sai haƙuri" suna bakinmu duka. Kalmomin gaskiya ne, sun kuwa ta'azantar da mutane da yawa a gidan makoki, har da ni. Amma na lura sau da dama muna amfani da su kamar marufi, mu rufe tambayar da ta kamata a yi. In yaro na fari ya rasu, na biyu ya bi, na maƙwabci ma ya bi, mai tambayar dalili ba ya jayayya da Allah. Yana kula da rayukan da Allah ya danƙa masa ne.

Duba Kubawar Shari'a 22:8. A can an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa 'yar katanga kewaye, domin in wani ya fāɗo ya mutu, alhakin jinin yana kan gidan. Allahn da ya san kwanakin kowa shi ne ya ba da wannan umarni. Ashe ikonsa bai sauke mana nawayar kulawa ba. Hausawa ma sukan ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ka tuna da bawan nan na Matta sura 25 wanda ya binne kuɗin maigidansa. Me ya sa? Domin ya ɗauka maigidan mai tsanani ne, tsoro ya kama shi. Tunaninsa game da maigida shi ya ɗaure masa hannu. Haka yake da mu. Addu'a da fartanya ba abokan gāba ba ne. A Tungar Daji ƙasar ba ta kankare kanta ba.

In Allah mai raba dukiya ne kawai

Akwai wata koyarwa da ta yaɗu a cikinmu, wai alamar yardar Allah ita ce kuɗi. Kada wani ya zargi talakan da ya shiga rami neman zinariya. Noman damina ɗaya ba ya ci da gida shekara, masu bi da yawa ma suna wannan sana'a a wurare dabam dabam na Arewa. Amma wanda ya gaskata duk abin da ya kawo kuɗi albarka ne, da wuya ya saurari gargaɗi. In aka ce masa ya daina niƙa dutse a gida, sai ya ji kamar ana so a raba shi da rabonsa. Ya manta 'ya'yan da ke tsakar gidan su ne kyautar da ta fi.

Ɗan'uwan wannan koyarwa shi ne wanda yake cewa zuwa asibiti ƙarancin bangaskiya ne. Na taɓa zuwa gaisuwa a gidan wani ɗan'uwa da aka kwana uku ana yi wa 'yarsa addu'a da azumi, ba a kai ta wurin likita ba, don kada a ce sun yi shakka. Ba na ƙin addu'a, Allah ya kiyaye. Amma Allahn da yake jin haushi in an ba yaro magani, ba shi ne Yesu ya bayyana mana ba.

In Allah Uba ne

Zuciyar bangaskiyarmu ita ce, Allah bai tsaya daga nesa ba. Cikin Yesu Kristi ya ɗauki jiki, ya taka ƙura, ya ji yunwa, ya yi kuka a kabarin abokinsa. Ya taɓa kuturu, ya rungumi yara sa'anda almajirai suka so su kore su. Ya kuma sha mutuwa dominmu, ya tashi. Wanda wannan gaskiya ta zauna masa a zuciya ba zai ga jikin yaro abin banza ba.

Mun ga amfaninta a tarihinmu. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. An buɗe asibitin ido na Kano a 1943, asibitin Galmi a Nijar kuma a 1950. Turawan da 'yan ƙasa da suka wanke gyambuna a wuraren nan mutane ne masu kasawa kamarmu. Abin da ya tsai da su kan aikin shi ne sun gaskata kowane mutum siffar Allah ne.

Sai mu ƙasƙantar da kanmu kuma mu lura da wani abu. Ba Ekklesiya ce ta ceci yaran Anka da Bukkuyum ba. MSF ba ƙungiyar addini ba ce, masu kankare ƙasar kuwa mutanen gari ne. Uban da muke bauta wa yana aika ruwan sama a gonar kowa, yana kuma aikin jinƙai ta hannun wanda ya ga dama. Namu shi ne mu gode, mu kuma sa hannu, ba tare da tambayar addinin yaron ba.

Abin da za mu yi a gida

Maganar ba ta wuce ba. A 2015 irin wannan guba ta kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Yaron da ya tsira ma, dalma takan bar masa rauni a fahimi har girmansa. Rigakafi ya fi magani.

Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida, kada a daka shi a turmin abinci ko a kai shi injin niƙan hatsi. Mai aikin haƙa ya yi wanka ya sāke tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki yaro. A hana yara da mata masu ciki zuwa inda ake niƙa. A wanke hannun yara kafin cin abinci. Kada a bar su wasa da tsohon batir, kada kuma a sa wa jariri kwalli na dutse, gama yakan ƙunshi dalma. In yaro ya yi jijjiga, a yi addu'a ana tafiya asibiti, a kuma faɗa wa likita irin sana'ar da ake yi a gidan. Zumuntar mata da dattawan Ekklesiya su ɗauki wannan magana, su kai ta har ga maƙwabta.

Iyaye kuma, ku kula da abin da kuke faɗa game da Allah a gaban 'ya'yanku ran wahala, gama wannan za su riƙe. A sujadar iyali ta daren yau ku yi musu tambayar da na yi wa ajina. Ku saurara da haƙuri, kada ku tsauta. Amsarsu za ta nuna muku abin da kuke koyarwa ba da saninku ba.

Yarinyar nan da aka ce mata ba a tambaya, na kira ta bayan an tashi. Na ce mata Allah ba ya fushi da tambayar 'ya'yansa, ya kuma san sunan ƙaninta. Ta yi shiru, sa'an nan ta tambaye ni ko Allah ma ya ji zafi. Na ce i, ya ji.

Ubangiji ya ta'azantar da iyayen Tungar Daji da na sauran ƙauyukan, ya ba mu kuma mu san shi kamar yadda yake. Amin.