Zumuntar Itatuwa a Ƙarƙashin Ƙasa

Ƴan'uwa manoma, yau mu leƙa garakan Bilma, cikin Kawar, jihar Agadas. A can, shekara takan wuce ba a ga ruwan sama na kirki ba. Amma ruwa na kusa cikin ƙasa, shi ya sa dabino ke yi. Ayarin Abzinawa kan kawo hatsi, ya koma da gishiri da dabino. In dabino ya mutu, gida ya rasa abin musaya.

Me ke taimakon dabino cikin rairayi mai gishiri? Ban da ruwa, akwai wata funfuna. Ba irin mai ɓata tuwo ba ce. Tana shiga ƙananan saiwoyi, ta miƙa zare cikin ƙasa. Zaren ya fi gashi siranta, sai da madubin likita ake ganinsa. Yana jawo ruwa da fosfor, wato abincin tsiro, ya kai wa icce. Icce kuwa ya biya da sukarin da ganyensa ke yi. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. A 1885 wani Bajamushe mai suna Frank ya raɗa wa wannan zama suna mikoriza.

Funfunar ba ta tsayawa kan icce guda. Iri ɗaya na iya kama dabino, ta kama bagaruwa, har da albasar da aka shuka a inuwarsu. A 1997, cikin dajin Kanada, wata masaniya, Suzanne Simard, ta nuna abinci na ratsawa daga wani icce zuwa wani iri dabam. Masana na gardama kan yawansa da hanyar da yake bi. Amma sun yarda funfunar na ƙarfafa tsiro a ƙasa maras ƙarfi.

To, ga abin yi, a Bilma ko a garkarka. In za ka dasa ɗan dabino a sabon wuri, ɗebo ƙasa mai ƙananan saiwoyi daga gindin tsohon icce lafiyayye, ka zuba cikin rami. Kada ka ɗebo daga gindin maras lafiya. Kada ka hura wuta a gindin icce. Kada ka cika takin zamani mai fosfor, don yawansa na rage funfunar. Kafin ka sare wani icce cikin garka, tuna yana riƙe da abokiyar dabinonka.

Mai tambaya ya zo wurin malamin gona. Allah ya ba mu damana mai albarka.